Katun ɗin da Bai Ce Mini In Yi Haƙuri Ba

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Autata ce zaune a gabana tana buga abin da nake faɗa a kwamfutarta. Na gaya mata idan ta ga na yi kuka ta jira ni in gama, idan kuma magana ta yi mata kaifi ta bar ta yadda take.

Na zo Doha wata biyu bayan na fita takaba. Auta ta haihu, ga karatu ya sha mata kai, tana bincike a kan yadda ake raba ruwan teku da gishirinsa, babu mai yi mata wankan jego, babu mai dama mata kunun kanwa. Mijinta ya yi mini takarda na hau jirgi. A Mu'aither muke zaune, a wani ƙaton gida da aka yanyanka shi da katako, kowane iyali da nasu ɓangaren. Wankan ma a bahon banɗaki na yi mata shi, da ruwan butar lantarki da ganyen darbejiyar da surukina ya tsinko a bakin wani masallaci yana waige-waige kamar ɓarawo.

Daga hantsi zuwa la'asar a garin nan ba mai leƙa waje, rana sai ta dafa mutum. Sai in goya jaririya in zauna a falo in yi ta kuka. Ban ɓoye wa kowa ba, yanzu ma ba na ɓoyewa. Shekara arba'in da wani abu na yi da mijina Malam. Matan Hausawa suka yi ta zuwa barka, kowacce idan ta gama yi wa jaririya wasa sai ta juyo ta ce mini, "Inna, sai haƙuri." Na ji kalmar nan har ta fara yi mini wari.

Bari in faɗi yadda ya mutu.

Ranar kasuwar garinmu ce, bayan azahar. Muka ji ƙarar babura da yawa kamar masu rakiyar amarya, sai harbi ya biyo baya. Ba zan faɗi sunan garin ba, waɗanda suka fito daga cikinsa sun san shi, yanzu kuwa babu kowa a ciki sai ƙadangaru. Mota ɗaya ce a unguwarmu, a-kori-kurar ɗan ƙanen mijina. Wannan mutumin a ɗakina ya tashi tun rasuwar ubansa. Ni na yi jinyar kaciyarsa, Malam ne ya nema masa aure. Inna yake ce mini, Baba yake ce wa Malam.

Mata suka jawo ni bayan motar. Malam yana da ciwon gwiwa, ya fi shekara goma yana ɗingishi. Ya iso ya kama ƙarfen baya, na kama wuyan hannunsa, ƙafa ɗaya ta rage ya ɗora, sai motar ta tashi. Matan da ke gaba suka yi ta dukan rufin motar suna ihu, "Tsaya! Tsaya, Babanka ne!" Ɗan ƙanen mijin nawa ne ke tuƙi, na ga fuskarsa a madubin gefe. Ya dube mu. Bai tsaya ba. Malam ya bi mu da irin gudun mai ciwon gwiwa har hularsa ta faɗi. Har yau ban sani ba, ni na saki ko shi ya saki.

Da muka kai mashigin rafi, wurin da har yanzu ana jin harbin kamar a bayan kunne, sai motar ta tsaya. Na ce alhamdulillahi, komawa zai yi. Ashe injin ban-ruwansa ne da ya ɗaure a gefen mota igiyar ta kwance, yana neman faɗuwa. Ya fito ya ɗaure shi tamau, har yana jan igiyar da haƙori, ya koma ya tada mota muka wuce.

Bayan kwana uku maza suka koma da rakiya suka binne waɗanda suka samu. A garin da muka yi gudun hijira aka yi zaman makoki, shi kuwa ya zauna a kan tabarmar gaba yana karɓar gaisuwa a matsayin ɗa. Yana gaya wa mutane wai ya ɗauka Baba ya riga ya shiga mota. Ni ina ƙuryar ɗaki ina takaba, ba ni da ikon fita cikin maza in ƙaryata shi. Matan da suka daki rufin motar da hannunsu suka ce in yi shiru saboda zumunci. Na yi shiru. Ko Auta ban gaya wa ba, tana nan Doha da ƙaramin ciki.

To da wannan na zo, da shi nake zama a falo.

Auta tun tana makarantar kwana take da son katun. Idan ta zauna shayarwa da rana sai ta kunna wani a talabijin. Ranar farko na ce mata, "Ke da 'ya a cinya kina kallon zanen yara? Ba ki jin kunya?"

"Inna, wannan ba na yara ba ne. Yaro ya kalli wannan sai ya yi mako yana firgita."

"Mutanen ina ne haka, ido kamar murfin kwano?"

"Mutanen Japan ne suka zana."

"Su ne masu ƙera babura?"

"Su ne."

"To Allah ya isa."

Ta yi dariya har jaririya ta saki nono. Ni ban yi ba. Na juya wa talabijin ƙeya.

Kwana biyu bayan haka ina ninke kayan jaririya, sai na ji ɗakin ya yi tsit, babu kiɗa babu magana, sai kukan iska. Na ɗaga kai. An nuno wani gida da rufinsa ya rufta, a tsakiyarsa ga tukunya a kan murhu, ludayi a ciki, ciyawa ta tsiro ta gefen murhun ta kai bakin tukunyar. Suka bar hoton nan a tsaye, suka daɗe, ba wanda ya ce komai. Ni ma na bar miyar kuka a kan wuta ranar kasuwar nan, da maburgi a ciki. Na ce wa Auta, "Wanda ya zana wannan ya taɓa gudu ya bar tukunya. In ba shi ba, to uwarsa." Na ajiye kayan na matso.

Labarin ga yadda yake. Duniya ta ƙare amma ba a yi tashin kiyama ba. Teku ya ƙafe, saura farin gishiri iyakar ganin ido. Akwai wasu manyan injuna masu dogayen ƙafafu kamar na zalɓe, an ƙera su ne don girbin gonaki, sai suka rikice suna girbe duk abin da ya motsa. Mutanen da suka rage suna zaune a cikin wani mataccen jirgin ruwa da ya kwanta a kan gishirin, ƙofa ɗaya gare shi ta ƙarfe, da mutum ɗaya mai tsaronta. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai hannun ƙarfe, ita ke rabon ruwa, tana kuma ajiye iri a cikin gwangwani ko da yake babu inda za a shuka shi.

Yarensu ba na ji, rubutun Turancin da ke gudu a ƙasa kuwa ni da shi sai kallo. Da farko Auta tana fassara mini. Daga baya na ce ta yi shiru tana cika ni da surutu, idan ina bukata zan tambaya. Mai gudun ceton rai ba sai an fassara mini shi ba.

Ba komai nasa ne ya yi mini ba. 'Yan matan ciki tufafinsu ko gwiwa ba su kai ba, wata ma gashinta shuɗi kamar an tsoma ta a marina. Akwai ranar da suka ɓata mana kashi guda cur a kan wata dabba mai kama da bushiya da ta saci cokali. Faɗan da ake yi da walƙiya kuma yana sa mini jiri. Amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba a kan abin da na sani. Na san yadda mai yunwa yake cin abinci a cikin jama'a, da sauri, idonsa a kan kwanon na kusa da shi, haka suka zana. Na san yadda mace take ci gaba da ɗebo rabon mutum biyu bayan ɗayan ya tafi, sai ta tuna ta tsaya da kwano a hannu. Sun zana wannan ma. Wanda ya mutu a cikinsa ya mutu ke nan, ba ya dawowa a mafarki da fararen kaya ya ce hankalinsa a kwance yake. Takalminsa kawai za ka gani a ƙafar wani bayan kashi biyu.

Sannan ba ya cewa masifa tana gyara mutane. A jirgin nan akwai wanda ya ba da rabon ruwansa ga mai ciki, akwai wanda ya ɓoye gwangwanin kifi a ƙarƙashin gawa, kuma wani lokacin mutum ɗaya ne ya yi duka biyun. Mu ma haka muka gani a makarantar da aka zuba mu muna gudun hijira.

Finafinanmu na gida na kalle su da yawa a wayar maƙwabta. Azzalumi zai yi ta zalunci, a ƙarshe mota ta buge shi ko ya haukace, ya zo yana jan ciki yana kuka, wadda ya cuta ta share hawaye ta ce ta yafe, a yi waƙa a tashi. Ina jira in ga wannan ma ya yi haka in tsine masa in koma ninkin kayana. Kashi ya bi kashi, babu wanda ya tsaya ya yi wa wani wa'azi. Tun da Malam ya rasu, katun ɗin nan ne kaɗai ya zauna da ni bai ce in yi haƙuri ba.

Har ya ɓata mini ido. Wata Juma'a surukina ya kai mu bakin teku shan iska, na ga dogayen benayen gilashi suna ƙyalli, sai na ga kamar ruwan ya janye, gishiri ya hau har hawa na uku, tagogi sun farfashe. Na faɗa wa Auta a hankali. Ta ce, "Haba Inna, mutane sun ba mu masauki kina rushe musu gari." Na ce ai namu ma da mutane a ciki.

Sai aka zo kan mai tsaron ƙofa. Tun a farkon labarin an nuna wata rana da injunan suka biyo wasu mutane a kan gishiri, suna gudu suna ɗaga hannu, ƙofar jirgi ta rufe kafin su iso. 'Yar tsohuwar nan tana cikinsu. Mai ƙofa ya ce ƙarfen da ke riƙe ƙofar ne ya ƙwace ya faɗo da kansa, aka yarda. Can gaba wani mai gyara ya buɗe wurin ya ga ƙarfen lafiyarsa lau. Na gyara zama, na ce yau za a jefa shi waje injuna su girbe shi, kuma wallahi haka nake so.

Ba su jefa shi ba. Suka tara kowa a bakin tankin ruwa da rana tsaka, suka tsayar da shi. Na ce, "Auta, yanzu fassara." Ta ce sun ce ya faɗa da bakinsa wa ya gani da wa, da abin da hannunsa ya yi. Ya fara kewaye-kewaye, aka yi masa shiru. Ya yi kuka, ba wanda ya motsa. Sai da ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ce na gan ta, na ja ƙarfe. Da ya gama, tsohuwar ta ɗebo ruwa daidai rabon kowa ta ajiye a gabansa, ba ta dube shi ba, ta kira na bayansa. Ba a rungume shi ba, ba a yi waƙa ba. Ya ci gaba da zama a cikinsu, kowa ya san shi.

Sau uku na sa Auta ta maimaita mini wannan kashin.

Ba a yi mako biyu ba, surukina ya dawo daga masallacin Juma'a ya durƙusa a bakin ƙofar falo, kansa a ƙasa. Yaron kirki ne, tun da na zo bai taɓa zama a kujera ina ɗakin ba.

"Inna, akwai magana."

"Ina ji."

Ya ce ɗan ƙanen mijina yana Doha. Ya sayar da a-kori-kura ya biyo masu kawo ma'aikata, wata biyar ke nan yana tuƙa bas ɗin leburorin wani kamfani. Kafil ɗinsa, wato mai gidan da ya ɗauke shi aiki, ya ba shi hutun kwana goma, zai tafi umara ta mota. Yana so ya zo ya nemi yafiyata kafin ya tafi. Dattijon Hausawan Al Rayyan ne zai kawo shi, wanda ya raɗa wa jaririya suna.

Na dubi Auta. Ta sunkuyar da kai. Ashe ta sani, ta ɓoye mini don ta lura ko sunansa aka ambata sai in tashi daga wurin, ba ta dai san dalili ba.

"Na ce wa Alhaji ba komai," in ji surukina. "Na ce Inna ba ta da matsala."

Na gane wayon ɗan ƙanen mijin nawa tun kafin surukina ya rufe baki. A wajenmu duk mai niyyar ƙasa mai tsarki sai ya bi dangi da maƙwabta gida-gida yana neman yafiya, kuma ba a hana shi. Amsar ma a shirye take kamar amsar gaisuwa: ba ka yi mini komai ba, na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ka sa mu a addu'a. Ko wanda kuka yi shekara ba ku magana haka za ka ce masa. Wata biyar yana garin nan, tun da na zo bai zo gaishe ni ba, sai da ya samu ranar da ya san bakina a ɗaure yake. Idan na faɗi kalmar nan a gaban dattijo, magana ta mutu har abada. Zai tafi ya dawo fes, Malam kuwa ya zama tsohon da ya makara bai shiga mota ba.

Da surukina ya fita Auta ta matso. "Inna, ko mene ne tsakaninku, ki faɗa a baki kawai su tafi. Alhajin nan shi ne uban kowa a nan. Kada ki ba Abban jaririya kunya."

Na ce, "Na ji."

Mako guda ina juya abin. Na san malamai sun ce yafiya ta fi, ban musa ba. Ina tsoron Allah, kuma na kusa zuwa gare shi fiye da duk waɗanda ke ɗakin nan. Ina kuma jin nauyin surukina, a gidansa nake ci nake sha. Amma duk sanda na gwada kalmar a bakina ni kaɗai, sai in ga igiya a haƙorin mutumin nan.

Suka zo Juma'ar da ta biyo, bayan la'asar. Alhajin farin tsoho ne mai fara'a, ya daɗe yana aikin gadi har ya zama shugaban masu gadi, Hausarsa duk ta gauraye da Larabci. Ya kawo dabino da turare. Hajiya yake ce mini ko da yake ban je ba. A bayansa ga mutumina, ya yi ƙiba, ya bar gemu, ya sa farar doguwar riga irin ta mutanen ƙasar. Ya zube a gabana.

"Inna, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Lafiya."

Auta ta kawo shayi. Alhaji ya yi wa jaririya wasa, ya ce matarsa ce, ya ce ta fi uwargidansa iya kallo. Sannan ya gyara murya ya yi bayani mai daɗi a kan zumunci da gajartar duniya. Ya ce, "To Hajiya, ga ɗanki. Ranar Alhamis zai kama hanya. Yalla, a sa masa albarka."

Na ce, "Alhaji, na gode da tattaki. Me ya yi mini da yake neman yafiya?"

Ya yi murmushi. "Ai Hajiya zaman tare ne. Wanda aka sani da wanda ba a sani ba."

"Ni na sani. Shi ma ya sani. Ku ne ba ku sani ba. Ya faɗa muku."

Surukina ya ɗago ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba. Mutumin ya ce, "Inna, in maganar Baba ce, wallahi tallahi ban..."

"Kada ka rantse. Harami za ka ɗaura."

Ya haɗiye sauran.

"A wane madubi ka gan mu, na hagu ko na dama?"

Shiru. Ba ka jin komai sai na'urar sanyi da maƙwabtanmu suna soya albasa a bayan katako. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Alhaji, don girman Allah ka bar shi." Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Hawaye yana zubo mini, ban share ba, ban kuma ɗauke ido daga kansa ba. A da ni ce mai cike wa mutane shiru don kada su ji kunya. Ranar nan na bar shi a ciki.

"Na hagu," in ji shi.

"Wa ka gani?"

"Baba."

"Yana me?"

"Yana riƙe da ƙarfe. Yana gudu."

Auta ta ajiye butar shayi a ƙasa da ƙarfi.

"Tsoro ne, Inna," ya ce, ya fashe da kuka. "Wallahi tsoro ne. Ƙafata ce ta ƙi ɗaguwa daga kan totur. Na yi na yi ta ƙi."

"A mashigin rafi ta ɗagu."

Na nuna Alhaji da hannu.

"Gaya wa Alhaji me ya tsayar da kai a mashigi."

"Inji ne."

"Injin me?"

"Na ban-ruwa. Igiya ce ta kwance."

Alhaji ya yi salati ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Auta ta tashi ta tsaya a kansa da jaririya a kafaɗa. "Yaya, kai ne ka kira ni a waya ka ce Baba ya ce ku wuce zai biyo ku a baya. Kai ne ka ce mini haka." Mijinta ya kama hannunta ya zaunar da ita.

Alhaji ya juyo gare ni. Mutumin kirki ne, aikin da ya zo yi yake so ya gama. Ya ce, "Khalas, Hajiya. Ya faɗa da bakinsa, kin ga nadamarsa. Abin da ya yi babba ne, ban san haka yake ba da na taho. Amma ɗakin Allah zai je. Saura naki."

Na ce, "Ban yafe ba."

"Hajiya..."

"Baki ba zan yi masa ba. Tuwon hannuna ya ci ya girma, in na yi masa baki zai kama shi, kuma yana da 'ya'ya ƙanana da ba su yi mini komai ba. Haƙƙin Malam ba nawa ba ne balle in bayar, su haɗu can su yi magana. Nawa kuwa ina riƙe da abina. Ya je ya gaya wa Allah abin da ya gaya muku yanzu, kada ya rage maganar injin. Ni ma ina gaya masa daga nan."

Mutumin ya rarrafo zai kama ƙafata, na janye. Alhaji ya mai da hularsa ya ce Allah ya sanyaya zuciya. Na ce amin, don wannan addu'a ce mai kyau. Surukina ya raka su.

Abin bai tafi a banza ba. Kwana huɗu surukina gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi, ko da yake bai rage mini komai ba. Da muka je wani suna a Al Aziziya matar Alhaji ta amsa gaisuwata da ka, wasu mata kuma suka yi ta ƙus-ƙus, na ji wata tana cewa tsohuwa da ƙafa ɗaya a kabari ta hana mai umara yafiya, wai katun ne ya ƙeƙasar mata da zuciya. Wata kuwa, 'yar wajenmu da ban taɓa gani ba, ta zo ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna har aka tashi, ban kuwa tambaye ta dalili ba. Maganar inji ta riga ta zaga duk inda Bahaushe yake kwana a garin nan, daga ɗakunan direbobi har na masu gadi, ta kuma kai gida ta waya. Auta ta yi kwana biyu tana kuka sabo fil, kamar ranar aka gaya mata. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, kuma ni na jawo mata. Da za a dawo da Juma'ar nan, haka zan sake yi.

Ya tafi ranar Alhamis ɗin. Da na idar da sallar azahar na ɗaga hannu na roƙi Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya, ya kare shi daga haɗarin hanya, ya ba shi tsawon rai. Auta tana jina, ta ce, "Inna, ashe kin sauko."

Ban sauko ba. So nake ya tsufa. So nake gwiwarsa ta yi ciwo, ya kai shekarun Malam yana ɗingishi a cikin mutanen da suka san abin da ya tsayar da shi a mashigin rafi.